Wace hanya ce ta fi dacewa da tace ƙazamin ruwan birni, ta injina ko ta tafkuna?

Bashir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun tsara birane, kuma a wannan zangon an ba mu aikin kwatanta hanyoyin da birane ke bi wajen tace ƙazamin ruwan da ke fitowa daga gidaje da asibitoci da masana'antu kafin a sake shi cikin kogi. Na karanta abin da ya sawwaƙa, amma ina ƙara karatu ina ƙara rikicewa, shi ya sa na kawo tambayata gaban waɗanda suka san aikin da hannunsu.

Yawancin littattafan da na duba suna gabatar da matatar da ke aiki da injina, wato mai manyan tankunan da ake hura wa iska dare da rana, a matsayin hanyar da ta dace da babban birni, su kuma tafkunan da ake tara ruwa a ciki ana ambatonsu a taƙaice kamar abin ƙananan garuruwa ne ko na waɗanda ba su da hali. Sai dai a watan jiya ajinmu ya ziyarci wata matata irin ta injina, kuma abin da na gani ya saɓa wa abin da na karanta. Cikin tankunan hura iska guda huɗu, ɗaya ne kawai yake motsi. Sauran ukun ruwansu ya yi baƙi ƙirin, ciyawa ta fara tsirowa a kan dattin da ya taru a samansu, kuma akwai wata ƙofar ƙarfe da aka buɗe, ruwa yana bi ta gefe yana zarcewa kogi ba tare da ya shiga ko tanki ɗaya ba. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya ce injinan hura iskar sun lalace, kayan gyaransu kuma sai an yi odarsu daga ƙasar da aka ƙera su.

Abin da nake roƙo shi ne a fayyace mini ainihin abin da ke faruwa da ruwan a kowane mataki, da dalilin da ya sa matata mai tsada haka take mutuwa, da kuma ko gaskiya ne tafkuna ba su kai injina inganci ba. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Rabi'atu ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Na yi shekaru ina kula da matata irin wadda ka ziyarta, kuma hoton da ka zana ba baƙo ba ne a wurina. Zan fara da matakan, domin idan ka fahimce su za ka ga dalilin mutuwar da kanka.

Ƙazamin ruwan gidaje, duk da warinsa da muninsa, kusan kashi 99.9 cikin ɗari ruwa ne zalla. Dukan wahalar da ake sha a kan wannan ɗan ragowar ne. Da ruwan ya iso matata, abu na farko da yake tararwa shi ne rariyar sandunan ƙarfe, wadda ke tsare leda da tsummoki da kunzugun yara da robobi, sannan ya bi ta wata doguwar magudana inda ake rage masa gudu kaɗan domin yashi da tsakuwa su kwanta, saboda su ne ke cinye haƙoran famfuna. Mutane suna raina wannan mataki, alhali shi ne ke kare duk abin da ke bayansa. Maiƙo ma babban abokin gaba ne tun daga cikin bututu: a shekarar 2017 an tarar da dunƙulen daskararren maiƙo haɗe da tsummoki a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250.

Daga nan ruwan yana shiga faffaɗan tanki ya zauna kamar awa biyu. Abin da ya fi ruwa nauyi ya nutse ya zama laka, maiƙo ya taso sama a kwashe. Wannan zaman kaɗai yana cire rabi zuwa kashi biyu cikin uku na dattin da ke yawo cikin ruwan, amma ba ya taɓa wanda ya narke, kuma narkakken shi ne mai kashe kogi. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin bakteriya na kogin za su far masa da ci, su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya rasa abin shaƙa. Saboda haka ne ma'aunin da muka fi dogara da shi a wannan sana'a, wanda ma'aikata ke kira Bi-O-Di, yake auna yawan oksijin da ƙwayoyin za su buƙata cikin kwana 5 a zafin digiri 20 domin su cinye dattin lita ɗaya. Ɗanyen ruwan gidaje yakan kai miligiram 200 zuwa 400. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ce kada abin da matata ke saki ya wuce 25.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Ba injin ne ke tace ruwan ba. Ƙwayoyin halitta ne ke tace shi, injin iska kawai yake ba su. Edward Ardern da William Lockett ne suka bayyana wannan dabara a Mancesta a 1914, bayan sun lura cewa idan aka hura wa ƙazamin ruwa iska, aka bar lakar da ta samu ta kwanta, sannan aka mayar da ita cikin sabon ruwa maimakon a zubar, aikin da ke cin makonni yana komawa na sa'o'i. Lakar nan tana da rai, cike take da ƙwayoyin da suka saba da cin datti. A yau ruwa yakan yi awa 4 zuwa 8 a tankin iska, ya wuce wani tanki inda lakar ke kwanciya, a mayar da mafi yawanta baya, a fitar da rarar. Idan komai yana tafiya daidai, ana cire kashi 85 zuwa 95 na dattin.

Na kan gaya wa sababbin ma'aikata cewa mai kula da matata makiyayi ne, sai dai garkensa ba a ganinsa da ido. Kowace safiya nakan ɗebi lita ɗaya daga tankin iska in zuba a doguwar kwalbar awo in ajiye ta a kan tebur na minti 30. Laka mai lafiya launinta ruwan ƙasa ne, tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana haɗuwa gutsi-gutsi ta sauka ƙasa da sauri ta bar ruwa garau a sama. Idan na ga ta tsaya ta kumbura ta ƙi sauka, na san ƙwayoyi masu kama da zare sun rinjayi sauran, kuma galibi ƙarancin iska ne sanadi. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai lokacin da wuta ta ɗauke mana tsawon kwana biyu, janareta kuma ya ƙi tashi saboda an daɗe ba a yi masa sabis ba, ko da yake na sha rubuta takarda a kan hakan. Kafin yammacin ranar farko launin tankin ya fara komawa toka, washegari ya zama baƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Wutar ta dawo, amma garken ya riga ya mutu, sai da muka yi kusan mako uku muna reno kafin ruwan da muke saki ya koma yadda doka ta ce. Duk tsawon makonnin nan kogi ne ya karɓi abin da muka kasa tacewa, kuma akwai mutanen da ke amfani da ruwansa a ƙasa da mu. Har yau abin yana damuna.

Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu. Hura iska kaɗai yana cin rabin wutar da matata ke sha, wani lokaci fiye da haka, kuma ba a iya dakatar da shi ko na yini ɗaya. Kuɗin gini ana samunsa sau ɗaya, ta hanyar bashi ko tallafi, a yi bikin buɗewa. Kuɗin wuta da kayan gyara da albashin ƙwararru kuwa kullum ne, kuma a nan ne birane da yawa ke gazawa. Sai kuma laka, wadda tsare-tsare da yawa ke mantawa da ita: duk dattin da ka cire daga ruwa bai ɓace ba, ya koma laka ne, kuma sarrafa ta yana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin gudanarwa. Hanya mafi kyau ita ce a rufe ta a tanki marar iska a zafin digiri 35 na kimanin kwana 20, ta ruɓe ta ba da iskar gas mai kama wuta, a juya gas ɗin ya zama lantarki. Matatar As-Samra ta ƙasar Jodan tana samar da mafi yawan wutar da take buƙata da kanta, daga wannan gas da kuma ƙarfin gangarowar ruwa.

Akwai mataki na huɗu ga masu buƙata, wato cire sinadaran nitirojin da fosfaras waɗanda ke sa gansakuka ta mamaye tafki, da kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko da haske na musamman. Ana kama fosfaras da alif ko gishirin ƙarfe. Ban tsawaita a kansa ba domin birnin da bai iya riƙe mataki na uku ba, maganar na huɗu ba tasa ba ce tukuna.

Malam Ɗanjuma ya rubuta:

Injiniya ta yi bayani wanda ba ni da abin gyarawa a cikinsa, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya ne a kan tambayar Malam Bashir ta uku, domin a ganina littattafan da ya karanta ba su yi wa tafkuna adalci ba. Yawancinsu an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi da tsadar fili da wutar da ba ta yankewa, kuma a irin wannan yanayi hukuncinsu daidai ne. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin a matsayin na duniya baki ɗaya.

Tafkunan tacewa ba kududdufi ba ne da aka haƙa aka bar shi. Jeri ne na tafkuna iri uku, kowanne da zurfinsa da aikinsa. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, babu oksijin a cikinsa, kuma a nan datti mai nauyi ke kwanciya ya ruɓe. A ƙasa mai zafi yana iya cire fiye da rabin dattin cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu faffaɗa ne, zurfinsa kimanin mita ɗaya da rabi, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin aikin da injin hura iska ke yi da wutar lantarki, a nan gansakuka ce ke yin sa da hasken rana. Ita tana fitar da oksijin, bakteriya suna amfani da shi su cinye datti, su kuma su fitar da iskar da gansakukar ke rayuwa da ita. Na uku, wanda yawanci akan jera biyu ko uku, ba shi da zurfi sosai, kuma aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne. Da tsakar rana, lokacin da gansakuka ke kan ganiyar aikinta, ruwan yana yin kaifi irin na toka har ma'aunin wannan kaifi, wanda ake kira pH, ya haura 9, ga hasken rana yana ratsa shi, ƙwayoyin cutar hanji ba sa jure wannan haɗin.

A nan ne tafkuna suka fi injina, ba wai sun kamo su kawai ba. Ruwan da ya yi awa 8 a tankin iska yana fita garau a ido, amma ɗauke yake da ƙwayoyin cuta masu yawa, dole sai an bi shi da kulorin. Ruwan da ya yi kwana 20 zuwa 30 yana ratsa tafkuna kuwa yana fita kore-kore, amma ƙwan tsutsar ciki duk sun kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta kuma sun ragu ƙwarai, ba tare da an sayi ko buhu ɗaya na sinadari ba.

Maganar cewa abin ƙananan garuruwa ne ma ba ta tsaya ba. Birnin Melbon na Ostireliya yana tace kusan rabin ƙazamin ruwansa a Werribee, wurin da aka buɗe tun 1897, mai faɗin fiye da hekta 10,000, inda manyan tafkuna ke aiki tare da injinan da aka ƙara daga baya. Nairobi ta dogara da tafkunan Dandora, waɗanda ke cikin mafi girma a Afirka. A gabashin Kolkata ta Indiya akwai dausayi mai hekta 12,500 inda masunta ke karɓar ruwan birnin cikin tafkuna marasa zurfi suna kiwon kifi, kuma a 2002 aka sanya wurin cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Fili suke ci, ninki goma ko fiye na abin da matatar injina ke buƙata, kuma birni yana girma ne ya cim ma tafkin da aka haƙa a bayan gari, daga nan sai ƙorafin wari da kwaɗayin filin su taso tare. A lokacin sanyi aikinsu yana raguwa. Kuma rashin injin ba ya nufin rashin kulawa: idan aka bar ciyawa ta rufe bakin tafki sauro zai samu wurin haihuwa, idan aka yi shekaru ba a kwashe lakar tafki na farko ba zai cike, ruwa ya riƙa wucewa ta samansa ba tare da ya zauna ba. Na taɓa tsayawa a bakin tafkin da ya kamata ya zama kore shar, na tarar ya koma ja-ja kamar an zuba masa rini, alamar an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Bambancin shi ne tafkin da aka yi wa sakaci yana raguwa ne sannu a hankali, yana ci gaba da yin rabin aikinsa, ita kuwa matatar injina tana tsayawa cak.

Akwai kuma hanya ta tsakiya wadda ya kamata ka sa a aikinka. A shekarun 1970 Gatze Lettinga na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ya ƙirƙiro tankin da ake tura ruwa daga ƙasa ya ratso ta cikin bargon laka marar iska ya fito ta sama. Ba a hura masa iska, saboda haka wutar da yake ci kaɗan ce, lakarsa ba ta da yawa, yana ba da gas, kuma cikin awa 6 zuwa 10 yana cire kimanin kashi biyu cikin uku na dattin idan ruwan yana da ɗumi. Birazil da Indiya da Kolombiya sun gina irinsa da yawa. Shi kaɗai bai isa ba, sai an bi shi da ƙaramin tafki ko matacin duwatsu wanda ake yayyafa ruwa a kansa, amma haɗin yana rage fili da wuta a lokaci guda.

Dakta Hauwa ta rubuta:

Ina gaishe da Injiniya da Malam Ɗanjuma. Ni fannina lafiyar al'umma ne, kuma abin da nake so in ƙara shi ne duk hanyoyin da aka ambata sun ɗauka cewa ruwan yana isowa matata ta bututu. A birane masu yawa na duniya, musamman masu girma da sauri, mafi yawan gidaje ba a haɗa su da bututun ba. Masai na rami da sokawe ne ke karɓar najasar, kuma idan suka cika motar zuƙa ce ke kwashewa, ko kuma mutane da bokiti. Tambayar da ke raba lafiya da cuta a irin wannan birni ita ce ina motar take juye kayanta. Idan babu wurin da aka tanada kusa, direba zai nemi rafi ko fili mafi kusa, domin kowace tafiya mai nisa asara ce a gare shi.

Abin da ake zuƙowa daga rami ya ninka ruwan bututu kauri da ƙarfi sau da yawa, saboda haka juye shi kai tsaye cikin tankin iska yana iya birkita matatar. Yana buƙatar nasa wurin: tankin da zai kwanta, sannan gadajen yashi da tsakuwa inda ruwansa zai tsiyaye, rana ta busar da saura. Busasshen ma ba a gama da shi ba, domin ƙwan tsutsar ciki yana iya yin shekaru a ƙasa da ransa, kuma kulorin ba ya yi masa komai. Sai an haɗa shi da busasshiyar ciyawa ko shara mai ruɓewa an tara tsibi, zafin cikinsa ya kai digiri 55 ya daɗe kwanaki a haka, kafin ya zama takin da za a iya taɓawa cikin aminci.

Tarihin Landan yana da darasi a nan. Bayan mummunan warin da kogin Temis ya yi a bazarar 1858, wanda ya addabi majalisar dokoki kanta, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan da suka kwashe najasar birnin, kuma kwalara ta ja da baya. Amma magudanan ba tacewa suke yi ba, kai ruwan kawai suke yi can ƙasan kogi su sake shi ɗanye, sai daga baya aka fara tace shi. Tattarawa daban, tacewa daban, kuma birni yana iya yin ɗaya ya bar ɗaya. Matatar da ka gani ma, Malam Bashir, ka bincika ko kashi nawa na gidajen birnin ne ke aika mata ruwa.

Shimfiɗa bututu ba lallai ya zama mai tsadar da ake tsoro ba. A unguwar Orangi ta Karachi, daga 1980, shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa ya taimaka wa mazauna kowane layi su haɗa kuɗi su shimfiɗa ƙananan bututu da kansu, hukuma kuma ta ɗauki nauyin manyan. A Birazil injiniya José Carlos Melo ya yaɗa tsarin da ƙananan bututu marasa zurfi ke bi ta cikin rukunin gidaje maimakon tsakiyar titi, kuma an yi amfani da shi sosai a Brasilia da Salvador.

Abu na ƙarshe da ba na so a manta shi ne ran ma'aikaci. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da Injiniya ta ambata, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Mutane suna faɗuwa a cikin rami cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Duk tsarin da ya dogara da a tura mutum cikin rami ba tare da na'urar auna iska da igiya ba, tsari ne da ya gaza tun daga takarda.

Bashir ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena a wannan fanni, kun warware mini abin da ya ɗaure mini kai tsawon makonni. Dakta, ban taɓa tambayar yawan gidajen da aka haɗa da matatar ba, kuma zan koma in tambaya. Saura abu biyu. Na farko, na ji ana cewa akwai biranen da ke mayar da wannan ruwa ya zama na sha, shin da gaske ne, kuma ta yaya? Na biyu, ruwan masana'antu fa, ana haɗa shi ne da na gidaje ko kuwa dole a raba? Injiniya, idan da hali ki gaya mini abin da ya kamata in duba idan na koma wurin.

Injiniya Rabi'atu ta sake rubutawa:

Da gaske ne, Malam Bashir. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake tace ƙazamin ruwan gidaje yana mayar da shi cikin bututun ruwan sha, kuma sabuwar matatar Goreangab da aka buɗe a 2002 tana iya ba da lita miliyan 21 a rana. Singafo ta fara nata shirin mai suna NEWater a 2003: bayan an gama tacewar da na bayyana a sama, sai a tura ruwan ta mataci mai ƙananan ƙofofi, sannan a matsa shi da ƙarfi ta wata fata wadda ko narkakken gishiri ba ya ratsa ta, sannan a haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta. Mafi yawansa masana'antu ne ke amfani da shi, wani kaso kuma ana zuba shi a madatsun ruwan ƙasar. Amma ka lura cewa biranen nan biyu ƙarancin ruwa ne ya tilasta su, kuma abin da ke riƙe da su awo ne ba dare ba rana, da matakai masu yawa ta yadda idan ɗaya ya gaza na gaba zai tare. Ga yawancin birane, amfanin da ya fi kusa shi ne ban ruwa a gonaki. Isra'ila tana sake amfani da kusan kashi 90 na ƙazamin ruwanta, galibi a noma. A nan maganar Malam Ɗanjuma ta ƙara ƙarfi, domin nitirojin da fosfaras ɗin da muke kashe kuɗi mu cire saboda kogi, taki ne a wurin manomi, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita, tafkuna sun fi saurin cika ta.

Game da masana'antu, a Windhoek ɗin ma an ware ruwansu ba ya shiga wanda ake mayarwa na sha. Ƙwayoyin da ke tace mana ruwa suna cin abin da ke ruɓewa ne kawai. Sinadarin kuromiyam da ake jimar fata da shi, da dalma, da wasu rinuka, ba sa ruɓewa. Ko dai su kashe ƙwayoyin, ko su taru a cikin laka su hana ta zama taki. Birnin Kanpur na Indiya ya daɗe yana fama da wannan matsala daga masana'antun jimar fatu da ke bakin kogin Ganga. Ni kaina na taɓa zuwa aiki da safe na tarar da kumfa ta lulluɓe tankin iska har tana zubowa kan dakali, ruwan ya canja launi, na duba a madubin ƙara girma na ga ƙananan halittun da suka saba iyo sun daina motsi, saboda wata masana'anta ta saki wankin tankunanta cikin dare. Dole kowace masana'anta ta tace nata a harabarta kafin ta haɗa da bututun birni, kuma dole a riƙa ɗibar samfuri a bakin bututunta ba tare da sanarwa ba, har da tsakar dare.

Idan ka koma, ka roƙi a nuna maka littafin ɗakin awo, ka duba ko ana rubuta Bi-O-Di na ruwan da ke shiga da na wanda ke fita, da ranar da aka yi rubutu na ƙarshe. Ka tambayi awa nawa injinan iska suka yi suna aiki a watan da ya wuce, da inda ake kai lakar, kuma ka ce a kai ka wurin ka gani da idonka. Sannan ka ɗauki kwalba biyu masu tsabta, ka sa safar hannu, ka ɗebi ruwa a inda matatar ke saki da kuma a bakin ƙofar ƙarfen nan da ka ce an buɗe, ka ajiye su gefe da gefe na minti 30, ka rubuta abin da ya kwanta a ƙasan kowacce.